Masu Bin Sawun Ruwa a Ƙarƙashin Daɓe

A gidan gargajiya na ƙasar Magarya, a Nijar, ruwan wanke-wanke ba shi da wani ɓoyayyen al'amari. Mace ta durƙusa a gefen tsakar gida da kwanoninta, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta tuntsurar da ruwan. Ya bi ɗan makwarari, ya fice ta rariyar da aka huda a gindin katanga, yashi ya shanye abin da zai shanye, rana ta ƙarasa sauran. In rariyar ta toshe, kara ɗaya ya isa, kuma yaro ɗan shekara bakwai zai iya aikin.

Yau gidaje da yawa sun bar wannan tsari. Gundumar Magarya da ta Dungas, wadda aka cire daga cikinta a 2011, sun haura mutum 900,000 a ƙidayar 2012, kuma manyan garuruwansu sai cika suke yi da ginin siminti. Ma'aikata, da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Kano da Daura da Maigatari, da waɗanda suka dawo daga neman kuɗi a ƙasashen waje, kowa in ya samu hali yana so ya shimfiɗa tayil, ya sa kwamin wanke-wanke a kicin, ya sa abin wanke hannu a ban-ɗaki. Famfo ya shigo cikin gida, a birni ta hannun kamfanin ruwa na ƙasa, SEEN a da, NDE tun 2024, a ƙauyuka da dama kuma ta tankunan da ke aiki da hasken rana. Macen da ke jan guga a rijiya takan yi tattalin kowane moɗa. Wadda ke murɗa kan famfo takan zubar da ninkinsa ba tare da ta lura ba. Duk wannan ruwa dole ya fita, kuma yanzu ta ƙarƙashin daɓe yake fita, inda ido ba ya kaiwa.

Nan ne aikin mutumin da nake so in yaba ya samo asali. Ana ce masa mai gyaran famfo, amma sunan ya haɗa gwani da ɗan koyo a buhu ɗaya. Jawo ruwa mai tsabta cikin gida aiki ne mai ɗan sauƙi, domin wannan ruwa da ƙarfinsa yake zuwa, ya hau sama, ya sha kwana, ya isa inda aka nufe shi. Ruwan datti ba shi da mai tura shi. Nauyinsa kaɗai ke tafiyar da shi, ga kaya a kansa: maiƙo, da yashi, da guntun abinci, da gashi. Wanda ya san yadda ake lallaɓa wannan ruwa har ya bar gida salin alin, bai tsaya a hanya ba, bai aiko da wari baya ba, shi ne ya iya sana'ar.

Abin da ya fara burge ni a wurin gwanayen shi ne ba sa gaggawar buɗe jakar kayan aiki. Tambaya suke fara yi. "Hajiya, ruwan tsayawa yake yi cak, ko tafiya yake a hankali?" "Warin ya fi tashi da asuba ne, ko bayan an gama wanke-wanke?" "In an zuba bokiti a ban-ɗaki, kwamin kicin yana yin gurnani?" "An yi tafiya an rufe ɗakin kwanan nan?" Maigida kan ƙosa, ya ce shi dai a buɗe masa bututu. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma gwani ya san toshewa da wari cututtuka biyu ne daban, ko da sukan zo tare. Bututu na iya zama fes, ruwa na wucewa da gudu, ɗaki kuma ya ƙi shiguwa don ɗoyi. Mai rabin sani zai yi ta zura waya yini guda a banza, wani ma ya ɗauko guduma ya fasa tayil ɗin da aka kashe wa kuɗi mai yawa. Gwani kan durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kwami, domin a nan amsar take sau da yawa.

A ƙarƙashin kowane kwami da aka haɗa yadda ya dace akwai wani lanƙwasasshen bututu, ko wata 'yar kwalbar roba mai murfi a gindi, wadda masu aiki a ɓangaren Nijar ke kira sifo. Aikinta ɗaya ne: ta riƙe ɗan ruwa, mai zurfin santimita 5 ko ɗan fiye, bayan sauran ya wuce. Wannan ɗan ruwa shi ne ke tsaye tsakanin ɗaki da ramin da ke waje. Iskar rami ba ta iya ratsa shi, kyankyaso da sauro ma sukan sha wuya kafin su wuce. Wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan da ke zaune a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775, kuma har yau ba a samo abin da ya fi ta ba. Ba ta da inji, ba ta cin wuta, ba ta da abin da zai lalace in ban da robar bakinta. Sai dai tana da sharaɗi, ruwan ya zauna.

Ƙasar Damagaram kuwa, inda Magarya take, ba ta barin ruwa ya zauna. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, a hunturu kuma iska busasshiya ce ƙarau. Ɗakin baƙi da aka rufe, ko gidan ma'aikacin da ya tafi hutu, ko na alhajin da ya tafi Makka, makonni kaɗan sun isa ruwan sifo ya ƙafe, ƙofa ta buɗe wa iskar rami. Mutum ya dawo ya tarar da ɗaki yana ɗoyi, ya ɗauka ɓera ne ya mutu a wani lungu. Gwani zai zuba moɗa biyu na ruwa a kowace magudana, ya buɗe taga, ya ce a jira. Warin ya tafi. Mai gaskiya a cikinsu zai faɗa wa mai gida abin da ya faru, har ya koya masa cewa in zai yi doguwar tafiya ya ɗiga cokalin mai a kan ruwan don ya rage ƙafewa, ko ya toshe bakin da marfi. Ina ganin wannan gaskiya tasa ta fi kowane kayan aikinsa daraja, domin da ya so da ya kwance ya ɗaura ya karɓi kuɗin yini.

Kada a raina wannan moɗa biyu. A 2003, lokacin annobar SARS, mutum fiye da 300 sun kamu a wasu dogayen gidaje da ake kira Amoy Gardens a Hong Kong, fiye da 40 suka rasu. Da masu bincike suka bi diddigi, sai suka tarar magudanan ƙasan ban-ɗakuna da yawa sun bushe, domin mazauna na goge ƙasa da tsumma ne maimakon su kwarara ruwa. Fankokin fitar da iska suka riƙa jawo tururin bututun bayan gida, da ƙwayar cutar a ciki, zuwa cikin ɗakuna. Gine-gine ne na zamani masu hawa fiye da talatin, abin da ya gaza a cikinsu kuwa shi ne ɗan ruwan da ke cikin lanƙwasa.

Ƙafewa ba ita kaɗai ke kwashe wannan ruwa ba. Wani lokaci zare ne ko ɗan tsumma ya maƙale, rabi a cikin ruwan, rabi ya rataya ta baya, yana tsotse shi a hankali har ya ƙare. Wani lokaci kuma gidan ne ba a yi masa bututun shaƙar iska ba. In aka zuba ruwa mai yawa a ban-ɗaki, yana gangarawa sai ya ja iskar da ke bayansa, in bai samu ta sama ba ya fizgo ta ta kwamin kicin, ya tafi da ruwan sifo gaba ɗaya. Gurnanin da ake ji ke nan, shi ya sa gwani ke tambaya a kansa. Maganinsa bututu ne a tsaye da zai wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Mafi yawa kuma, abin takaici, sifon ne babu shi sam. Magini ya sa miƙaƙƙen bututu daga kwami har rami don a rage kashe kuɗi, ko ya sa tiyon nan mai zobe-zobe ya ja shi ya miƙe. Irin wannan gida zai yi ta wari ko da uwargida ta ƙarar da turaren wuta na kasuwar Magarya duka, kuma a banza za a riƙa ɗora mata laifin ƙazanta.

Hancin gwani ma kayan aiki ne. Wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai daga rami yake zuwa, yana nuna an rasa ruwan sifo ko wata mahaɗa ta saki. Wari mai tsami-tsami na abincin da ya kwana a cikin lanƙwasa ne, ko na yauƙin da ke manne a bangon bututu da cikin ƙaramar kafar da ke hana kwami ambaliya, wadda kusan ba mai tunawa ya wanke ta. Warin rima da fumfuna kuwa yana nuna yoyo ne a ɓoye, ruwa na tsiyaya ƙarƙashin tayil. Kowanne da inda ake nemansa.

Toshewa kuma tarihin girkin gida ce. A wannan ƙasa ana cuɗa tukunya da yashi da toka, al'ada mai kyau da ke sa gindin tukunya ƙyalli, amma yashi ba ya narkewa, kuma a duk inda ruwa ya rage gudu nan yake kwanciya. Ana wanke surfen gero, ruwan ya tafi da dusa da tsaki. Ana jiƙa ƙanzon tuwo a tuttular, ana juye ganyen shayi bayan an sha na uku. A kan wannan duka sai maiƙo ya zo: man gyaɗa, manja, man shanu, da kitsen rago a kwanakin Babbar Sallah. Yana shiga da ɗumi a narke, ya yi 'yan mitoci, ya huce, ya daskare a bangon bututu. Ya haɗu da sabulu da gishirin da ke cikin ruwa ya zama wani abu fari-fari mai tauri, yashi da dusa su manne masa, gashi da zaren soson buhu su ɗaure shi. Hanya na ƙanƙancewa wata bayan wata, har ranar da ledar ruwan sha guda ɗaya za ta zo ta rufe abin da ya rage. A hunturu abin ya fi tsanani, saboda sanyin dare na sa mai ya yi barci tun bai yi nisa ba. Ba matsalar talaka ba ce kaɗai. A 2017 an gano irin wannan curin kitse a magudanar unguwar Whitechapel ta Landan, tsawonsa mita 250, nauyinsa tan 130, aka shafe makonni ana farfasa shi.

Gwani yana da tsarin da yake bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga kusa zuwa nesa. Yakan fara da robar tsotsa mai sanda. Kowa na iya sayen ta, amma ba kowa ya iya ta ba. Sai an toshe kafar ambaliya da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba ƙarfin duk ta nan zai zurare. Sai an bar ruwa ya rufe robar, domin iska matsuwa take yi, ruwa kuwa ba ya matsuwa, shi ke kai bugu har wurin toshiyar. Kuma ƙarfin a wajen ja yake, ba a wajen dannawa ba. Dannawa na ƙara cusa datti ciki, ja shi ke girgiza shi ya saki.

In wannan bai yi ba, sai ya ajiye bokiti a ƙasa ya kwance sifo da hannu. Ba ya sa filaya a kan roba, don haƙoran zaren ba sa jure ƙarfe. Abin da ke fitowa ba mai daɗin gani ba ne, baƙin taɓo mai yauƙi, wani lokaci da ɗan kunnen da aka daɗe ana nema. Ya wanke da tsohon buroshi, ya duba zoben robar da ke hana yoyo. In ya tsage, ga shi ba kowane kanti ke da irinsa ba, sai ya yanko wani daga tsohon tiyub na babur, ya daidaita shi da almakashi har ya zauna daram.

Wurin zura waya ne ake gane wanda ya daɗe a aikin. Akwai waya ta musamman mai murɗaɗɗen jiki da ake sayowa daga Zandar ko Kano, akwai kuma injinta mai lantarki, wanda wani Ba'amurke mai suna Samuel Blanc ya ƙera a 1933. Amma da yawa daga masu aiki a Bande ko Waca ko Dogo-Dogo da abin da ke hannu suke yi, wayar birki ko ta kuloci, a lanƙwasa bakinta ya zama ɗan ƙugiya. Yana zurawa yana murzawa a hankali ta gefe ɗaya, yana sauraro da yatsunsa, kamar yadda mai ɗori ke laluben karaya ta saman fata. In ta ci karo da abu mai tauri santsi, gwiwar bututu ce, sai a lallaɓa ta sha kwana. In ta nutse cikin abu mai laushi ta fito da fari a baki, kitse ne. In ta yi ƙaras-ƙaras, yashi ne, kuma yashi ba a huda shi, kwashe shi ake yi ko a kore shi da ruwa mai yawa. In ta riƙe tana dawowa da baya, leda ce ko tsumma, ko saiwar itacen bedi da ta samu tsaga ta shiga neman danshi. Idan ya zaro wayar, yakan riƙe daidai inda ta tsaya, ya shimfiɗa ta a kan daɓe ya bi layin bututun, ya sa ƙafa ya ce, "Alhaji, a nan take." In fasawa ta zama dole, tayil ɗaya za a cire, ba rabin tsakar gida ba.

Huda toshiya kuma ba gama aiki ba ne. Ɗan koyo na ganin ruwa ya wuce sai ya fara naɗe wayarsa, bayan sati biyu a sake kiransa. Gwani kan sake zurawa sau da dama har bango ya kankaru, sannan ya narka sabulu a ruwan zafi ya zuba, ya bi da cikakken bokiti a tashi ɗaya don ruwan ya cika bututu ya share shi. Ruwan zafi, ba tafasasshe ba. Bututun roba na fara laushi in zafi ya wuce digiri 60, musamman sirara masu araha da suka cika kasuwa, kuma tafasasshen ruwa na iya lanƙwasa su ko ya sassauta mahaɗa.

A batun magunguna ina da ra'ayi mai ƙarfi, kuma na lura gwanaye na gaske ba su da ɗokin su. Mutane kan zuba ruwan batir, ko sodar da mata ke yin sabulu da ita, ko ruwan jabel na wanke tufafi, wani ma ya zuba wannan ya bi da wancan don a ganinsa ƙarfi biyu ya fi ɗaya. Ruwan jabel in ya haɗu da ruwan batir yana fitar da iskar kulorin, wadda ke ƙona huhu, a ɗan ƙaramin ban-ɗaki mara taga kuwa tana iya kayar da mutum. Soda na cin maiƙo da gashi, gaskiya ne, amma tana yin zafi sosai in ta sha ruwa, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, kuma ba ta iya komai da yashi ko leda. In ba ta buɗe hanya ba sai ta taru a cikin sifo tana jiran hannun wanda zai zo ya kwance. Shi ya sa mai hankali ke tambaya tun a bakin ƙofa, "An zuba wani abu a ciki?" kuma haƙƙi ne a kan masu gida su faɗa masa gaskiya. Kanwa a ruwan zafi tana taimakawa wajen sassauta ɗan maiƙo da rage tsami, ba ta kuma da haɗari irin na waɗancan. Amma masu haɗa ta da lemun tsami don su ga kumfa su sani cewa kumfar alama ce ta ɗaya ya kashe ƙarfin ɗaya.

Akwai gidan da kowane wata sai an kira mai gyara. A irin wannan gida laifin ba na mai girki ba ne, na shimfiɗar bututu ne. Ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce bututu ya gangara da kimanin santimita 2 a kowace mita. Na abin wanke hannu ya kai faɗin milimita 32, na kwamin kicin 40, na bayan gida 100. Inda za a sha kwana, gara a sa gwiwa biyu masu sassauci da a sa ɗaya mai kaifi. A kowace babbar kwana ko mahaɗa a gina ɗan akwatin siminti mai murfi, inda za a iya buɗewa a leƙa a zura waya. Ƙasar yashi kuma tana da nata hali, tana zaftarewa in ta sha ruwa, bututun da ba a dandaƙe ƙarƙashinsa ba sai ya yi ciki a tsakiya, ruwa ya riƙa kwana a wurin, yashi ya samu masauki. Amalanken shanu ko motar da ta bi ta kan wanda ba a binne da zurfi ba takan ƙarasa shi. Gwani na gane haka da bokiti ɗaya. Ya sa yaronsa ya zuba daga ciki, shi ya tsaya a bakin akwatin waje yana kallo. In ruwan ya iso da wuri ya yanke da wuri, shimfiɗa ta yi kyau. In ya makara, ya zo yana tsiyaya ya daɗe bai ɗauke ba, akwai inda yake kwanciya.

Sai ƙarshen bututu, wanda a ganina shi ne ma'aunin da ke raba mai sana'a da mai neman kuɗi kawai. Magarya da Dungas ba su da babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ruwan gidaje zuwa wata matata. Kowane bututu yana ƙarewa ne ko dai a rami a ƙofar gida, ko a kwatamin da ke buɗe, ko a tsakiyar lungu. Wanda ya saki ruwansa a lungu ya raba kansa da wari ya ba maƙwabci, kuma masu unguwa sun san yawan ƙarar da ke zuwa gabansu a kan haka. Dokar tsabtar jama'a ta Nijar tun a 1993 ta hana zubar da ruwan datti a kan hanya, sai dai doka ba ta haƙa wa kowa rami.

Yankin nan na kwarin Korama ƙasa ce mai yashi, ruwa kuma kusa yake, shi ya sa rake da rogo da kayan lambu ke yi a fadamunsa. Ga mai haƙa ramin ruwan wanka wannan sauƙi ne, don yashi na sha da sauri. Haɗarin ma a nan yake, don abin da ya sha yana iya kai shi rijiya. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita ita ce rami ya yi nisan mita 30 daga rijiya, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake. A cikin gari mai cunkoso ba kullum ake samun wannan fili ba, amma gwani zai tambayi inda rijiyar gidan take, da ta maƙwabta, kafin ya nuna inda za a sa diga. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, jihohin Damagaram da Maraɗi na cikin waɗanda ta taɓa. Ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke aiki a Magarya tun 2005, kowace damina takan ga ɗakunan yara sun cika maƙil. Galibin abin da ke kawo su zazzaɓin cizon sauro ne da tamowa, kuma sauron zazzaɓi ya fi son ruwan sama mai tsabta da ya kwanta, na kwatami wani iri ne daban, mai hana barci. Amma gudawa, wadda ke ƙarasa yaron da yunwa ta riga ta raunana, hanyarta ruwan datti ce da ƙudan da ke tashi daga kansa.

Rami ma yana toshewa, kuma maiƙo ne ke toshe shi. Yana shafe bangon da gindin har yashi ya daina sha, sai a ga a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, ruwa ya dawo da baya ya ɓullo a ban-ɗaki. Maganin da gwanaye ke yi ɗan ƙaramin akwati ne tsakanin kicin da rami, mai shamaki a tsakiya wanda bai kai ƙasa ba. Ruwa ya shigo ya huce, yashi ya nutse, maiƙo ya taso ya tsaya a bayan shamaki, ruwan tsakiya kaɗai ya wuce. Bulo kaɗan ne da rabin buhun siminti. Duk mako a ɗaga murfi a kwashe na sama da tsohon ludayi, rami ya ƙara shekaru.

A bakin rami ne kuma sana'ar ke zama ta sayar da rai. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar shaƙa nauyi, a gindin rami take taruwa. Muguntarta ita ce in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi alhali lokacin ne ta fi ƙarfi, numfashi kaɗan ya faɗi. Sau da yawa ba mutum ɗaya take ɗauka ba, domin na sama kan yi tsalle ya bi ɗan'uwansa. Gwani kan buɗe murfi ya ja da baya ya bar rami ya sha iska, ba ya kusantar da ashana ko taba don akwai wata iskar mai kama wuta, yana yasa daga sama da guga da doguwar sanda matuƙar zai yiwu, kuma ba ya barin yaronsa ya sauka babu igiya a ƙugu da mutane a riƙe da ita. Wannan darasi shi ake fara koya wa yaro kafin a ba shi waya, da tsawa ake koya shi.

Yawancinsu a bayan maigida suka koya, suna ɗaukar jaka, suna riƙe fitila, suna wanke sifo shekara da shekaru kafin a bar su su je aiki su kaɗai. Jama'a ba ta cika ba su girman da suka cancanta ba. Akan yi ciniki da su kamar ana yi musu alfarma, wani ma ya ƙi miƙa musu hannu ko bayan sun wanke. Alhali mutumin da ke alwala sau biyar a rana a wuri mai tsabta, a gida ko a masallacin unguwa, yana cin moriyar aikin wanda ya sa hannunsa inda shi ba zai sa ba. Abokiyar aikinsu ta gaskiya kuwa uwargida ce, wadda ke kankare kwano a kwandon shara ko a gaban kaji kafin ta kai shi kwami, ta juye sauran mai a gwangwani, ta sa 'yar raga a bakin magudana, ta bar cuɗar tukunya da yashi a waje a kan ƙasa inda aka saba yin ta. Gidan da ke da irin wannan mace, mai gyara kan shekara bai taka shi ba, kuma na gari a cikinsu shi da bakinsa yake koya mata waɗannan abubuwa.

Lokacin da suka fi so a kira su shi ne ƙarshen bazara, cikin watan Mayu, kafin ruwan farko ya sauka. A lokacin rami ya ja baya, yasa tana da sauƙi, kuma taɓon da aka kwaso yana bushewa da wuri. Sukan buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya, su kwashe yashin da hunturu ya tara, su sauya ragar bututun iska in rana ta cinye ta, su toshe tsagar murfi da siminti. Taɓon kuma ba a bakin lungu ake jibge shi ba, inda ruwan farko zai mayar da shi ƙofar mutane. A amalanke ake ɗora shi a kai bayan gari, nesa da rijiya da tafki, a haƙa a binne.